Ƙullin da Aka Ɗaure Baibai

Kakata ba ta yin gatana, wato tatsuniya, a tsakar gida kamar sauran tsofaffin garinmu. A bukkarta take yi, rani da damina, don ita ba ta rabuwa da wuta. Ko da zafin bazara ne sai ka iske ɗan garwashi a murhunta, ta ce ƙasusuwanta sun saba. Garinmu ƙaramin ƙauye ne a ƙasar Kurfai, kuma tsakaninmu da Filinge akwai kori, kwarin da ruwan sama ke bi. Da rani yashi ne zalla, har jakuna ke birgima a ciki. Da damina kuwa, in an yi ruwa mai ƙarfi a kan tuddai, sai ya cika ya yi ta ruri, ya raba mu da kasuwa da gidan likita har sai ya ga damar sauka.

Da an sauke tuwon yamma an wanke hannu, sai mu duru bukkar, ni da ƙanena Arzika da 'ya'yan wan babanmu. Kaka ta tura gyaɗa cikin toka mai zafi, ta miƙe ƙafafu, ta yi shiru har mu gaji da surutu. Sannan ta dubi ƙofa kamar ta hango baƙo, ta ce, "Ga wata can tahe, ba ta da takalmi." Mu kuma mu amsa baki ɗaya, "Ta ƙaraso, mu ba ta tabarma." Ba ta taɓa fara gatana ba sai an ba baƙuwar nan tabarma.

Kowa na da wurin zamansa, amma wurin da ya fi kusa da wuta na Arzika ne, kan cinyar Kaka. Ba mai gardama a kan wannan. "Maigida" take kiransa, shi kuma ya ce mata tsohuwa mai rowar gyaɗa. Yaro ne siriri mai manyan idanu, farin idon nasa kullum da ɗan ɗorawa-ɗorawa. Yana da ciwon da muke kira amosani. Sai ya yi wata da watanni lafiya lau, yana tsere da tsaransa, rana guda kuma ciwon ya sauko masa a ƙafafu ko a baya, ya yi ta ihu kamar ana karya masa ƙashi. Kafin shi an yi wani, wana, wanda ban sani ba sai a labari. Shi ma haka ya yi ta yi har ya tafi.

Gidanmu gida ɗaya ne, amma zana ta raba shi biyu. Ɗaya gefen na Baba Namata ne, babban ɗan Kaka, wanda ya riƙe abin kakanni. Shi ke yanka a gindin tsamiyar gidanmu, shi ke kiran masu goge in iskoki sun taɓa wani. Ɗaya gefen namu ne. Babana, Idi, tun da ya dawo daga ci-rani ya kama masallaci, bai ƙara taka gindin tsamiyar ba. Suna gaisawa, suna noma gona ɗaya, amma duk ranar da Arzika ya kwanta sai tsohuwar maganar ta tashi.

Daminar da nake ba da labari, ina da wayo sosai, don har na fara daka. Ana tsakiyar noma na biyu hadari ya taso da hantsi, ruwa ya tare Arzika a gona inda ya kai wa maza fura. Ya iso gida jiƙe sharkaf, haƙoransa na kaɗawa. Inna ta sauya masa riga ta lulluɓe shi, muka yi ta dubansa, don duk mun san abin da ke biyo bayan sanyi. Kafin la'asar ya fara da ƙafar hagu. Kafin rana ta faɗi ba wanda bai ji kukansa ba a unguwar. Wannan karon kuma akwai abin da ban taɓa gani ba. Tafin hannunsa ya yi fari fat, leɓɓansa ma haka, yana numfashi sama-sama kamar wanda ya yi gudu.

Kori kuwa ya cika. Daga tsakar gida muna jin rurinsa.

Bayan magariba Baba Namata ya ɗaga zana ya shigo, da ƙaho da aska a hannunsa. Mutum ne dogo ƙwarai, ba ya ɗaga murya, shi ya sa ake tsoronsa.

"Idi, mugun jini na yat taru ga ƙahwar yaron ga," in ji shi. "A tsaga a hidda shi. Gobe in kai baƙin bunsuru gindin tsamiya. Kai ka san abin da sunka daɗe suna biɗa."

"Ba a cikin gidana ba, Yaya," Baba ya ce. "Ga rubutu nan na amso wurin malam. Shi sha, mu jira sahiya."

Inna na durƙushe kan Arzika. Ba ta saba tsoma baki in maza na magana ba, amma ran nan ta ɗago kai ta ce, "Ku dubi hannunshi, don Allah. Jinin nan da za a hidda, ina shi ke? A kai shi likita."

Baba Namata ya juyo ya dube ta a tsanake. "Ke har kina da ta cewa? Na biyu ke nan daga cikinki. Ɗiyana ga su can, ba wanda ya taɓa kwana shina ihu."

Na juya ga Baba, ina jiran ya tare mata. Bai tare ba. Ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, kamar da ƙasa yake magana, "Ni ma abin ya ishe ni. In wanga ya bi wancan, ban san mi za ni yi ba."

Inna ta miƙe. Ta shige ɗaki, na bi ta, na iske tana tattara zannuwanta cikin babban gyale, ba ta ko kuka. A waje kuma maza biyu sun ja daga, ɗaya da aska, ɗaya da kwanon rubutu, yaro a tsakaninsu yana murƙususu kan tabarma. Na ji Baba Namata na cewa shi ne babba a gidan, kuma ba zai zuba ido a sake binne wani ba. Na ji ƙarar askar da yake wasawa a tafin hannunsa.

Sai ga Kaka ta fito da sandarta. Ba ta dubi kowa ba. Ta sunkuya, ita da kullum take kukan baya, ta ciccibi Arzika ta kai shi bukkarta, ta zauna a bakin ƙofa daga ciki, ta miƙe ƙafafu ta tokare hanya. Duk mai son shiga sai ya tsallake uwarsa.

"Rakiya," ta kira ni, "ɗora ruwa bisa wuta. Kar shi tahwasa."

Na tsallake ƙafarta na shiga. Ta sa na riƙa jiƙa tsumma a ruwan ɗumi tana ɗora masa a gwiwa, tana ɗura masa sauran da ludayi kaɗan-kaɗan. 'Ya'yanta biyu suka zo suka tsaya a gaban bukkar. Baba Namata ya ce wa uwarsa, "Inna, ki ba ni yaron." Ta yi kamar ba da ita yake ba. Ta dubi duhun da ke bayansu, ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba, ta ce, "Ga wata can tahe, ba ta da takalmi."

Ba wanda ya amsa. Ta sake faɗa. Sai Arzika, da haƙora a dantse, ya ce, "Ta ƙaraso, mu ba ta tabarma."

Gatanar da ta yi ran nan ba mu taɓa jin ta ba. Ta ce akwai wani birni, Birnin Ƙwaya, ƙanƙane ƙwarai, har dubu irinsa za su zauna kan ƙwayar gero ba su matsu ba. Ganuwarsa taushi gare ta, kamar yanar da ke kwantawa a kan kunu, amma ba mai ratsa ta sai ta ƙofa, inda wata tsohuwa mai hanci take shinshina duk abin da ya zo. Abinci ta bar shi ya shiga, guba ta kore shi. A cikin birnin akwai mata masu murhu, wutarsu ba ta mutuwa, su ke ciyar da kowa. Akwai masu ɗauri, da ke naɗe kaya su sa alama su aika inda ya dace. Akwai mai shara, wanda ke haɗiye duk abin da ya lalace. A tsakiyar birnin kuma akwai bukka guda, cikinta wani makahon Tsoho da bai taɓa fita ba, yana riƙe da igiya mai ƙulle-ƙulle. Kowane ƙulli magana ce, yadda ake yin abu kaza. 'Yan aike su zo bakin ƙofarsa, ya shafa ƙulli ya faɗa musu, su ruga su kai wa masu aiki.

Sana'ar birnin ginin tulu ce, kuma tulunansu ke kai ruwa duk garuruwan ƙasar. Sai dai tulunan na da aibi. Sukan fito sumul, amma da sanyi ya buge su, ko ruwan cikinsu ya yi ƙasa, sai su lanƙwashe, su maƙale a lungu, na baya su kasa wucewa, garuruwa su yi ta kukan ƙishirwa.

Nan Arzika ya ƙwalla ƙara, ya gantsare har ya kusa suɓuce mata. Baba Namata ya tako taku ɗaya. Kaka ta ɗaga sandarta ta gitta a ƙofa, ba ta ko kalle shi ba, ta jira yaron ya lafa, ta ci gaba.

"Sai mutanen birni sunka ce, a nemo mai laihi. Anka jawo tsohuwa mai hanci. Tac ce, ku je ku duba, ban taɓa barin muguwar laka ta shiga ba. Anka jawo masu murhu. Sunka ce, ga wuta nan, ku sa hannu ku ji. Anka bi 'yan aike, anka iske abin da sunka ji shi sunka kai, ba ragi ba ƙari. Sai kowa yaj juya bisa maginiya. Ita ta, ita ta! Hannunta na da mugun abu. Ta ɗaure kayanta ta bar muna birni."

Ina ɗaga ido sai na hangi Inna a bayan mazan, da ƙunshin kaya a hannu. Ta tsaya cak.

Kaka ta ce maginiyar ta roƙi abu guda kafin ta tafi, a bar ta ta shiga wurin Tsoho. Ta shiga, ta laluba cikin duhu, sai ta iske ashe igiyar ba ɗaya ba ce, biyu ce. Ɗaya Tsoho ya gada wurin ubansa, ɗaya wurin uwarsa. Ta bi su da yatsa har ta zo kan ƙullin tulu, ta ji an ɗaure shi baibai. Ta shafa ta biyun, nan ma baibai. A sauran birane, in ƙullin igiya ɗaya ya karkace, ta biyun na nan daidai, sai a bi ta, ba wanda zai ma sani. A Birnin Ƙwaya kuwa duka biyun haka suke. Ta tambayi Tsoho wa ya yi wannan. Ya ce shi haka ya iske su, waɗanda suka ba shi ma haka suka iske.

"To, sai a kashe Tsoho," in ji Kaka. Ba abin da ake ji sai kori da numfashin yaron. Sannan ta ɗaga kai ta dubi babban ɗanta. "Namata, a kashe shi?"

Ta juya ga Baba.

"Idi, kai hwa? A kore maginiya?"

Daga nan ta sauya murya, ta koma irin wadda take magana da ita da rana. "Ina da ƙane, Maidanda. Ba ku san shi ba. Lokacin ko masallaci babu garin ga. Ba akuyar da ubana bai yanka ba gindin tsamiya, kuma haka Maidanda yay yi ta ihu har yat tahi. Ranar ƙarshe tsaga anka yi mishi, ina riƙe da ƙahwatai. Namata, ba za ni riƙe ta biyu ba. Kai kuma Idi, matarka ɗiyar wana ta. Abin da ke cikin jininta daga gidan ubana yah hito, na cikin jininka ma daga can. In kora za a yi, ku hwara da ni. Ni kuma ban san wa za ni kora ba, don iske shi niy yi."

Baba ya durƙusa a inda yake, ya ajiye kwanon rubutun. Baba Namata na tsaye, askar na hannunsa, ina kallon yadda hasken wuta ke wasa a kanta.

Sai Arzika ya ɗago kai. Da wata 'yar murya ya ce, "Kaka, to mi anka yi da tulunan?"

"Anka hana su sanyi, maigida. Anka riƙa cika su da ruwa. Wanda yal lanƙwashe kuma anka ɗauke shi da hannu biyu, anka kai shi wurin waɗanda sunka iya."

Baba Namata ya ninke askar ya sa aljihu, ya juya ya fita daga gidan. Na ɗauka fushi ya yi. Can sai ga shi ya dawo, tufafinsa jiƙe har ƙirji. "Ruwa ya kai ƙirji," ya ce wa Baba, "amma na san inda dutse ya ke. Kawo buzu da leda."

Suka naɗe Arzika cikin bargo, suka rufa da buzu, suka lulluɓe da ledar da muke rufe rumbu da ita, suka kwantar da shi cikin babban kwando. Baba Namata ya ɗora kwandon a kansa. Baba ya ɗauki tocila da sanda. Inna ta yar da ƙunshinta nan ƙasa ta ɗaura ɗamara. Suka ce ta zauna, ta ce sai dai su ɗaure ta. Haka suka fita su uku.

Muka rage ni da Kaka. Na ce ta ƙarasa gatanar, ta rufe ta kamar yadda ta saba. Ta ce ba yau ba. Ta jawo ni jikinta, muka zauna muna sauraren kori. Duk sanda rurin ya ƙaru sai in ji ta ƙara matse ni.

Sai washegari da yamma wani mai dawowa daga kasuwa ya kawo labari. Sun haye. A tsakiyar ruwa ƙafar Baba Namata ta zame, ya nitse har wuya, amma bai saki kwandon ba, Baba ya tokare shi da kafaɗa har ya samu dutsen. A ƙauyen ƙetare suka ari amalanke. A gidan likita na Filinge, majo, babban ma'aikacin jinya, ya ja fatar idon Arzika ya duba, ya ce jininsa ya kusa ƙarewa, sai an ƙara masa. Aka gwada na Baba aka ce bai dace ba. Aka gwada na Baba Namata, ya dace. Ya miƙa hannu yana kallon rufin ɗaki, don ashe mutumin nan allura yake tsoro.

Ba zan ce daren ya sauya kowa ba. Da suka dawo, Baba Namata ya yanka bunsurunsa a gindin tsamiya, Baba ya ba Arzika rubutunsa, kowa ya ce nasa ne ya yi aiki. Amma ba a ƙara kawo aska kusa da yaron ba, kuma ban ƙara jin wani ya ambaci cikin Inna ba.

Kaka ta rasu ina koleji, wato ƙaramar sakandare. Na ci gaba har lise, babbar sakandare, a Yamai, kuma a can ne wata rana mushenmu, malamin kimiyyar halittu, ya zana wata da'ira a allo, ya ce wannan ita ce ƙwayar halitta, ƙaramin ɗakin da aka gina jikin kowane mai rai da shi. Ya nuna fatar da ta kewaye ta, mai zaɓen abin da zai shiga da wanda zai fita. Ya nuna mitokondiri, inda ake ƙona abinci a samu ƙarfi. Ya nuna ribozom masu ƙera abin da jiki ke buƙata, da wurin da ake naɗe kaya a aika, da lizozom mai narkar da abin da ya lalace. Ya zana ƙwallo a tsakiya ya ce nan ne cibiya, inda aka adana umarnin komai, kwafi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Da ya zo misalin ciwon emasi, wanda mu muke kira amosani, ya ce kuskure ɗaya tak a cikin umarnin ke sa jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi, sai na kifa kai a tebur. Maƙwabciyata ta ɗauka zazzaɓi ne.

Kaka ba ta san ƙwayar halitta ba, ba ta taɓa ganin madubin likita ba. Abin da ta sani shi ne gidaje, wa ya haifi wa, wa ya binne wa, da yadda gari ke tafiya in kowa ya riƙe aikinsa. Yanzu ni ke koyar da wannan darasi a koleji, kuma da Birnin Ƙwaya nake farawa kowace shekara. Na faɗe shi sau da yawa har ba zan iya rantsewa a kan inda maganarta ta tsaya tawa ta fara ba. Nakan kuma gaya wa ɗalibaina inda kwatancen ya gaza. Ba tsohuwa mai hanci a jikin mutum, ba wanda ke yanke shawara a ciki. Jar ƙwayar jini ma, in ta gama girma, fitar da cibiyarta take yi ta shiga aiki ba Tsoho. Suna dariya, suna rubutawa, suna cin jarrabawa. Na daɗe ina ganin na gama fahimtar gatanar.

Arzika ya rayu, ya girma, ya zama tela a Filinge. Ciwon bai bar shi ba, amma ya koyi zama da shi, da butar ruwa kullum kusa da kekensa, da rigar sanyi ko ana zufa. Sai ya zo mini da labarin yana son Zali, autar Baba Namata, ita ma tana sonsa, iyaye kuma sun yi murna, ana ganin zanar nan za ta faɗi ke nan. Ni kaɗai ban yi murna ba. Na zaunar da shi a shagonsa, na ɗauki allin da yake zana yadi da shi, na zana masa igiyoyi a kan tebur. Na ce nasa biyun duk baibai suke. In na Zali duka daidai ne, ba ɗansu da zai yi ciwon. In ɗaya nata baibai ne, kowane ciki rabi da rabi ne. Na ce su je a gwada.

Suka je. Ɗaya nata baibai ne.

Ranar da sakamakon ya fito ya same ni a gida. Bai zauna ba. Ya ce, "Yaya Rakiya, na gane zanenki sarai. Abu guda ni ka tambaya. Da Inna da Baba sun yi gwajin nan, da ba ni duniya. Kina nuhin da ya hi?"

Ina da amsar kowace tambaya a kan ƙwayar halitta, amma wannan ban da ita. Na ce masa a'a, ba haka nake nufi ba. Ya ce to me nake nufi. Na ce ina nufin daren nan na kori, ba na son ya zama shi ne a tsaye a bakin bukka yana jin ɗansa. Ya juya ya fita.

Ba ni na raba su ba, kuma ba iyaye ba. Su biyun suka zauna suka yanke, Zali ce ma ta fara furtawa, ta ce ta ji kukansa ta bayan zana tun tana ƙarama, ba za ta iya jin irinsa daga ɗan cikinta ba. Ta yi aure a Bankuku. Shi kuma ya yi kusan shekara ba ya ɗaukar wayata. A cikin shekarar nan na yi ta juya gatanar Kaka. Da ina ɗauka darasinta shi ne a bi sassa ɗaya bayan ɗaya har a gano inda matsala take. Wannan shi ne mai sauƙin, kuma shi nake koyarwa. Mai wuyar yana zuwa ne bayan an gano, lokacin da ka iske ba wanda za ka kora, ba wanda za ka yi wa fushi, sai dai nauyi da za a ɗauka, kuma ilimin da ya nuna maka shi ba zai rage maka ko kaɗan ba.

Daga baya Arzika ya auri wata 'yar Baleyara, bayan an gwada an iske nata duka daidai ne. 'Ya'yansu lafiya lau, amma kowannensu na ɗauke da ƙulli ɗaya daga ubansa. Hutun da ya wuce ya zo gidana da babbar 'yarsa, 'yar aji uku, mai manyan idanu irin nasa. Bayan mun ci abinci ya tura ta gabana, ya ce in yi mata Birnin Ƙwaya, tun daga ganuwa har igiyoyin, kada in tsallake komai.

Na ce, "Ba ta yi ƙanƙanta ba?"

Ya girgiza kai. "Ki gaya mata yanzu, Yaya, tun ba ta so kowa ba."